Rumbun da Aka Bari Ba Jinka

Tun azahar hadari ke haɗuwa ta gabas yana watsewa, zafi kuwa ya danne Gazawa kamar an kifa mata ƙwarya. Ina zaune a buro, wato ofishina na asibiti, na cire takalma don ƙafafuna sun kumbura da tsayuwa, sai ga ɗaya daga cikin ɗaliban likitanci da aka turo mana istaj bana ya shigo da fara'arsa. Istaj shi ne zaman da ake tura ɗalibi ya yi a ƙauye, ya kwana cikin mutane, ya yi aiki a ƙaramin asibitinsu. Na ce masa ya ƙauye, ya masauki.

Ya ce, "Likita, wallahi mutanen nan lafiya lau suke. Ana ta cewa bana akwai yunwa, ni dai ban gan ta ba. Jiya ma zabuwa aka yanka mini."

Ɗacin anza ne ya taso mini a harshe, abin da na yi shekara ashirin da wani abu rabona da shi.

Ni ma an taɓa yanka mini zabuwa. Lokacin ina ɗaliba, ƴar Maradi ce ni ta cikin gari, ɗiyar ɗan kasuwa, ban san gero ba sai a kwano. Aka turo ni wani ƙauye a ƙasar Gangara, wanda ba zan faɗi sunansa ba don har yau ina jin nauyin mutanensa. Shekarar da ta gabata fari ya cinye rabin amfani, fara ta zo ta ƙarasa saura. Daminar da na tarar kuma ta fara da wasa da hankali: aka yi ruwa aka shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone; aka sake, ta sake ƙonewa. Sai a ta uku gero ya kama ƙasa. Da na iso ana tsakiyar noman farko, gero bai wuce idon sawu ba, kaka kuwa tana can nesa.

Majo Isufu, wato babban ma'aikacin asibitin, shi ya nema mini masauki. Mutum ne dogo, mai magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ke tsimin numfashi. Ya ce, "Gidan Sarkin Noma za ki sauka. Nan kaɗai ne ba za ki zame wa mutane kaya ba."

Sarkin Noma Mati dattijo ne da ya taɓa ɗaure dami dubu a kaka ɗaya ya rabar, shi ya sa aka naɗa shi. Gidansa na bakin gari, kuma abin da ido ke fara gani kafin katanga shi ne babban rumbunsa, na zana, zaune bisa duwatsu, da jinka sabuwa. Ƙananan rumbunan gidan duk an san sun ƙare, amma wannan ba a taɓa shi ba, in ji gari. Kullum bayan sallar asuba maza kan biyo ta ƙofarsa da hauya a kafaɗa, su zauna bisa wata doguwar tabarma su gaishe shi. Maganarsa gare su ɗaya ce, har na haddace ta: "Kowa ya tahi gonarsa. Kada wanda ya bar ciyawa ya tsallaka Najeriya neman ƙwadago. In ta yi tsanani, za a buɗe babba." Su dubi rumbun, su ce Allah ya ja da ran Sarki, su wuce.

Ni kuwa aka ba ni ɗaki kusa da zaure, aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Uwargidan, Inna Tsahara, ita da kanta ke kawo mini abinci. Da safe kunu, da rana fura mai kauri da nono, da magariba tuwo a akushi da miyar kuka. Ta ajiye, ta ce, "Ci, ɗiyata," ta fita ta sake labule. In na ce zan shiga cikin gida in ci tare da su, sai ta yi dariya ta ce wane ita, ina aka taɓa haɗa baƙuwa da hayaƙi. Shi kuwa tsohon bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa ce mini likita ba. Baƙuwata, haka yake cewa, a gaban kowa.

Aiki ya yi mini yawa tun makon farko. Ruwa ya zauna, sauro ya taso, zazzaɓi ya shigo gari. Mu buɗe asibiti da hantsi mu tarar da mata zaune a inuwa, kowacce da ɗa mai zafin jiki a cinya, kowacce kuma hankalinta na gona, tana cewa a yi mata sauri ciyawa ba ta jira. Ranar awo kuwa ƙarƙashin itacen bedi muke yi, a fili. Akwai wani ɗan maɗauri da ake zagaya wa damtsen yaro, mai launi uku: tsanwa, ɗorawa da ja. Wanda ya faɗa ja, tamowa ta kama shi sosai, sai a kai shi asibitin Agiye a kwantar. Ranar kasuwa wata farar mota kan zo ta kwashi irin waɗannan yara da uwayensu. A ƙauyukan kewaye motar kan cika. A namu sau da yawa haka take juyawa ba kowa, har Majo ya ce ko dai albarkar Sarkin Noma ce.

Da yamma in dawo a gajiye, rigata ta manne da baya, in tarar da akushina na jira. Gari ya yi tsit, turame sun yi shiru gida-gida, amma a namu kullum da asuba ana daka. Ina jin lugude daga ɗakina in ce alhamdulillahi. Na lura awakin Inna suna raguwa a turke, na tambaya, ta ce an kai su wurin Bafillace, ai haka ake yi da damina kada su shiga gonakin mutane. Gaskiya ne haka ake yi, don haka na yarda. Baƙo ko da idonsa makaho ne, ni kuwa har da tabarau.

Wata rana zafi ya hana ni ci, na bar fiye da rabin tuwon. A gidanmu na Maradi wannan ba komai ba ne. Inna ta zo ɗaukar akushi, ta buɗe, ta tsaya tana kallonsa.

"Miyar ce ba ta yi miki ba."

Na ce a'a wallahi, na ƙoshi ne.

"Kin saba da na birni. Ki yi haƙuri da mu."

Washegari da magariba sai ga zabuwa, an yi mata romo da ɗan mai. Na ji kunya na cinye ta tas, har na tauna ƙashi, don kada ta sake cewa na raina. Ta yi murna. Bayan ƴan kwanaki aka sake yanka wata.

A gidan akwai sarakuwar Inna, Laure, matar ɗansu da ya tafi cin rani tun bara bai dawo ba, ba kuma aike. Yarinya ce siririya mai yawan shiru, kullum da goyo a baya an lulluɓe shi da zane. Sunan ɗiyar Habsu, ta kusa shekara biyu. Tun zuwana ban ga fuskar Habsu da kyau ba. In na ce a kawo ta in ɗauka, sai a ce tana barci. Ranar awo kuma sai a ce sun yi sammakon gona.

Wata Lahadi ba aiki, zaman ɗaki ya ishe ni, na ce bari in bi mata gona in ga yadda ake noman nan da ke hana su tsayawa shan magani. Ban gaya wa kowa ba, na bi sawu. An yi ruwa da asuba, rairayi ya yi sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko'ina, gero ya kai gwiwa ya yi duhu gwanin kyau. Amma kyan gero a gona bai cika ciki. Na same su sun tsaya hutawa a gindin wani gawo, Inna da Laure da wasu mata biyu na gidan, sun kewaye ƙwarya. Da suka gan ni Inna ta ja faifai za ta rufe, amma na riga na gani. Tafasa ce dafaffiya, an yayyafa mata dusa, sai anza a gefe. Anza ƴaƴan wani itacen daji ne, masu ɗacin da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin su ciwu. Ba mai cin ta sai wanda ya rasa. Nan na gane abin da ake dakawa da asuba: tafin hannu na gero domina, sauran luguden kuwa dusa ce, domin kunnen maƙwabta.

Habsu na kwance bisa zane a inuwa. Ba wanda ya hana ni wannan karon. Na ɗauke ta, na ji kamar na ɗauki ƙunshin tsumma. Gashinta ya yi ja ya kakkarye, ba ta ko yi kukan ganin baƙuwar fuska ba. Ƙafafunta sun yi suntum, na danna da babban yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Maɗaurin awo na cikin aljihuna. Na san abin da zai nuna, amma na zagaya mata shi, ya tsaya can cikin ja.

Laure ta kama gefen zanena. "Don Allah, don Annabi, kada ki faɗa."

Inna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Babu ko zangarniya ɗaya cikin babban rumbu. Da shuka ta mutu sau biyu, duk wanda ya zo wa mai gidan nan a ɓoye ya ba shi iri, kowa na zaton shi kaɗai aka ba. Awaki sun bi baya. Yanzu kin sani, ɗiyata. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na juyo gida ina jin zabin nan biyu kamar duwatsu a cikina. Haushin Inna nake ji, da na tsohon, da na Majo da ya kai ni gidan, da na lakol ɗin da ta koya mini sunan kowace jijiya ba ta koya mini leƙa ƙwaryar masu gida ba. Na yi kuka a hanya, na share, don yara masu kiwo na kallona.

Majo na zaune bakin asibiti yana gyara fitila. Na gaya masa, don dole wani ya sani. Ya ajiye fitilar ya ce, "Kumburin nan ba na jira ba ne, sai Agiye. Amma duk wadda ta hau motar nan, gari ya san abin da ke rumbun mijinta. In jikar Sarkin Noma ta hau, kafin la'asar samari sun fara ɗaure kaya, ga maimai ba a yi ba." Maimai shi ne noma na biyu, wanda in an rasa shi ciyawa ke shaƙe gero. Ya ce akwai dabara: a ce zazzaɓi ne ya yi tsanani, a fitar da su da amalanke tun kafin gari ya waye, su tari mota a babbar hanya. Ba wanda zai sani. Sai dai ba a fitar da jikar mutum daga gidansa sai da bakinsa, kuma ni ce ke gidan, ni zan faɗa masa.

Na sami tsohon bayan la'asar a zaure yana ɗaure ƙotar hauya. Na durƙusa kamar yadda ɗiya ke yi, na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye. Na ce Habsu ba ta jin daɗi. Na ce zazzaɓin bana da ƙarfi. Na kawo zancen amalanke da asuba. Yana saurare, hannunsa bai bar aiki ba.

Da na gama ya ce, "Baƙuwa ba ta ganin ƙasan akushi, ko ta gani ba ta faɗa. To wa ke magana da ni yanzu, baƙuwata ko likita?"

Har ranar ban taɓa ce wa kaina likita ba, ko a zuci. Ɗaliba ce ni mai jiran jarrabawa, na kuma ci tuwon mutumin nan har na yi ƙiba. Na ce, "Likita ce, Baba."

"To faɗi ba kwana."

"Yunwa ce. In ba a kai ta Agiye ba, ba za ta ga tumu ba."

Ya ajiye hauyar. Kaji na tsattsaga a bakin zaure, can nesa ana cida. Ya ce, "Ita kaɗai ce a garin nan?"

Na ce ban sani ba, waɗanda ake kawo mana awo ne kawai nake gani, kuma na lura akwai goyon da ba a kwancewa a gabana.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ba za su kawo ba. Ni suke jira. Kowacce na ce wa kanta, mi zai kai ni motar kunya, ga Sarkin Noma ya ce zai buɗe babba." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Na riƙe maza a gona da bakina, ashe na riƙe ɗiya a bayan uwayensu. In na fitar da tawa da asuba, na sauran fa?"

Ya ce in tashi in je, ya ji.

Ranar kasuwa da safe, maza suka biyo gaisuwa kamar kullum. Ina tsaye bakin ɗakina da kofin kunu. Bai ce musu kowa ya tafi gonarsa ba. Ya tashi, ya kira biyu daga cikinsu, ya ce su kama masa. Suka sa gwafa suka ɗaga jinkar babban rumbu, suka sauke ta ƙasa. Mutane suka miƙe da murna, wani har ya fara kabbara, ya aika a ɗauko buhu. Tsohon bai ce a hau ba, bai ce a ɗebo ba. Ya koma tabarmarsa ya zauna. Ga hadari ya yi baƙi ƙirin ta gabas, iska ta fara kaɗawa, ga rumbu a buɗe, mai shi kuma ko ɗaga kai bai yi ba. Manomi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Ba mai barin rumbu ba jinka a tsakiyar damina in da ko dami ɗaya a ciki.

Murnar ta mutu a hankali. Ba wanda ya leƙa. Wani magidanci, da na san ɗansa na kwance da zazzaɓi, ya ce, "Haba Sarki. Da ka faɗa mana tun da wuri, da yanzu mun yi nisa." Tsohon ya ce, "Gaskiyarka." Iyakar abin da ya ce ke nan. Suka ɗauki hauyoyinsu suka watse ɗaya-ɗaya, ruwa ya sauko, ya yi ta zuba cikin rumbun yana fita ta ƙasa.

Da motar ta iso ƙarƙashin bedi, tsohon ne ya ɗauko Habsu da kansa, a kafaɗa, ba lulluɓi, ya ratsa tsakiyar kasuwa da ita, Laure na biye. Ya miƙa ta ya juya. Muna shirin rufe ƙofa sai ga wata mata ta kwance goyo ta miƙo mini. Sai wata. Na yi ta zagaya maɗauri, ja, ja, ɗorawa, ja. Ranar motar ba ta ɗauke su duka ba, sai da ta dawo washegari.

Da magariba na zauna a ɗakina, akushi bai zo ba. Can sai na ji muryar Inna daga cikin gida: "Ke, in za ki ci ki taso, ba mai kai miki." Na shiga, na zauna cikin hayaƙi tsakanin matan gidan, na sa hannu a ƙwarya. Tafasa da dusa, da anza. Ɗacinta ya kama mini maƙogwaro har hawaye suka zo, wata ta tuntsire da dariya ta ce ƴar birni ta gamu da gamonta. Haka na ci har ƙarshen zamana, na rame, wandon aikina ya koma sai da ɗauri.

Abin da Majo ya ji tsoro ya faru, ko da ba duka ba. Samari da yawa sun tsallaka kudu cikin makon, wasu gonaki ba su ga maimai ba, kakarsu ta zo ƴar kaɗan. Cikin yaran da motar ta ɗauka akwai waɗanda ba su dawo ba. Habsu ta dawo. Ana fara gasa tumu aka sauke su, kumburin ya saɓe, tana riƙe da yatsan uwarta tana takawa, har ta yi mini tsiwa da na zo ɗaukarta.

Amma doguwar tabarmar ƙofar gida ba ta sake cika ba. Mutane ba su zagi tsohon ba, sun dai canza hanyar zuwa gona. Ranar da zan tafi na same shi zaune a ƙarshenta shi kaɗai, jinkar na nan inda aka sauke ta, ciyawa ta fara tsirowa ta cikinta. Na durƙusa na yi masa sallama, na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Mi kika yi? Tambayarki na yi, kika faɗa." Sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Likita."

Bai kai damina biyu bayan nan ba. Na ji an ce jana'izarsa ba ta yi mutane kamar yadda ta kamaci Sarkin Noma ba. Habsu kuwa tana nan, ta yi aure wajen Cadawa, har ta taɓa kawo mini ɗanta awo, ya faɗa tsanwa. Tun daga ranar zauren nan na gaya wa mutane da yawa abin da ba su so ji ba, kuma har yau bai yi mini sauƙi ba, gajiya dai nake ƙarawa.

Ɗalibin nan yana tsaye har yanzu, yana jiran in yaba masa masauki. Yaro ne mai kirki, ba laifinsa. Iska ta fara buga taga, ƙamshin ruwa ya shigo.

Na ce, "Zabuwar jiya, ita ce ta farko?"

Ya ce, "A'a, ta biyu ke nan."

"Yara nawa ne a gidan?"

Ya yi ɗan tunani, ya ce gaskiya bai cika ganinsu ba, kullum suna gona.

Na jawo takalmana na cusa ƙafa da ƙyar, na buɗe aljihun tebur na ɗauko maɗaurin awo na miƙa masa. Na ce, "Sa a aljihu. Tashi mu je in gaida mai masaukin naka kafin ruwan nan ya tare hanya."